Antoniyo Tores, kafintan da ya ba jita murya

Daga gurmi zuwa jita

Yara, wa ya taɓa ganin ana haɗa gurmi? Wanda ya girma a ƙasar Tasawa ko ta Mayahi, da wuya a ce bai taɓa jin amonsa ba. Mai haɗa gurmi yakan samo ƙoƙon duma mai ƙwari, ya kankare cikinsa tas. Ya jiƙa fata, ya rufe bakin ƙoƙon da ita, ya ja ta sosai, ya bar ta ta bushe. Sannan ya sa sanda, ya ɗaura tsirkiya, ya ɗora ta bisa wani ɗan icce da ake kira jaki. Kafin ya ce aiki ya ƙare, sai ya ƙwanƙwasa fatar da yatsa, ya kasa kunne. In amon bai yi masa ba, ya kwance ya sake.

Haka mai goge yake yi da fatar guza da izgar doki. Haka mai garaya da mai molo suke yi. Dukansu sun san abu guda: tsirkiya ita kaɗai ba ta da murya. Ku ja zare tsakanin hannuwanku, wani ya taɓa shi. Da ƙyar za ku ji motsinsa. Amma in zaren nan ya hau jaki, jakin kuma yana zaune bisa fata, sai fatar ta ɗauki rawar zaren, ta kaɗa iska, amo ya fito.

Jita ma haka take. Tana da tsirkiya shida, da dogon wuya, da ciki mai siffar duma mai ƙugu. Bambancinta da gurmi shi ne ba a rufe ta da fata. Da siririn katako ake rufe ta, shi ne ake kira fuskar jita. Yau za mu karanta labarin mutumin da ya fi kowa gane aikin wannan fuska. Kafinta ne, mutumin Ispaniya. Sunansa Antoniyo Tores.

Ƙuruciyarsa

An haifi Antoniyo ranar 13 ga watan Yuni, shekara ta 1817. A wannan shekara ce Shehu Usumanu ɗan Fodiyo ya rasu a Sakkwato. Ƙauyensu, La Kanyada, yana dab da birnin Almeriya, a kudancin Ispaniya, bakin tekun Bahar Rum. Wannan yanki shi ne Andalus da kuke ji a tarihi. Sarkin Musulmi na Kurɗuba, Abdurrahman na uku, shi ya kafa birnin Almeriya a shekara ta 955, kuma ganuwar da aka gina bisa dutsen garin tana nan tsaye. Ƙasa ce mai zafi da ƙarancin ruwan sama, har akwai ƴar hamada kusa da ita. Mutanen wurin sun san fari kamar yadda muka san shi.

Uban Antoniyo mai karɓar haraji ne. Da yaron ya kai shekara 12, aka sa shi koyon kafinta. Nan ya koyi riƙe zarto da guduma da magagari. Ya koyi bambanta ɗanyen katako da busasshe, da wanda zai tsage da wanda zai jure. Ba jita aka koya masa ba a lokacin. Aikin kafinta ne na yau da kullum.

A shekara ta 1833 yaƙin neman sarauta ya tashi a Ispaniya. Aka shiga ɗaukar samari soja, aka ɗauki Antoniyo. Ubansa ya yi ta kai da kawo har aka sallame shi. A 1835 ya yi aure a garin Bera, ya auri Huwana Mariya, ɗiyar wani mai kanti. Suka haifi ɗiya mata uku, biyu suka mutu tun suna ƙanana. A 1845 matar ma ta rasu da ciwon tarin fuka, tana da shekara 23. Ga bashi ya yi masa yawa. Antoniyo ya tattara kayan aikinsa, ya koma Sebiya, babban birnin Andalus, neman abin kai wa baka.

Shago a Sebiya

A Sebiya akwai makaɗa da yawa, akwai kuma masu haɗa jita. Amma jitar wancan zamani ƙarama ce, cikinta tsukakke. Muryarta ba ta wuce ɗaki guda. Manyan makaɗan Turai sun fi son fiyano da gogen Turawa, don su ne ke cika babban zaure da amo. Ana yi wa jita kallon abin kiɗan gida da na dandali.

Tores ya fara haɗa jita jefi-jefi. Sai ya gamu da wani saurayi makaɗi, Huliyan Arkas, wanda shi ma mutumin ƙasar Almeriya ne. Arkas ya gwada aikinsa, ya ji daɗi, ya ba shi shawara ya riƙi wannan sana'a sosai. Tun daga shekarun 1850 Tores ya zama mai haɗa jita. Shi yana sassaƙawa, Arkas yana kaɗawa yana gaya masa inda amo ya yi da inda ya rage. Hannun kafinta da kunnen makaɗi suka zama abokan aiki.

Ga abubuwan da Tores ya gyara.

Na farko, ya ƙara faɗin cikin jita, musamman ƙasanta inda jaki yake zaune. Kun san babban ganga ya fi ƙarami zurfin murya.

Na biyu, ya yawaita sa tsawon tsirkiya santimita 65, daga jaki zuwa ƙarshen wuya. Masu haɗa irin wannan jita sun riƙe wannan awo har yau.

Na uku, ya rage kaurin fuska. Yakan kankare ta har kaurinta ya kasa milimita 3, gefenta kuma ya fi tsakiyarta siranta. Ku duba abin awonku, ku ga yadda milimita 3 take. Fuska marar nauyi ta fi saurin amsa kiran tsirkiya.

To, amma a nan akwai matsala. Tsirkiya shida in an ɗaure su, suna jan jaki da ƙarfin da ya kai nauyin kilo da dama, dare da rana. Siririn katako zai lanƙwashe ko ya tsage. In aka bar shi da kauri, ba zai tsage ba, amma jita ta zama bebiya. Yaya za a sami fuska marar nauyi kuma mai ƙarfi?

Ku da kuke zaune kusa da Gulbin Kaba kun san amsar, ko ba ku lura ba. Ku ɗauki ganyen kaba ku buɗe shi. Siriri ne, amma iska ba ta karya shi da sauƙi, don yana da jijiyoyi da suka tashi daga wuri guda suka bazu kamar yatsun hannu. Haka Tores ya yi. Yakan manna ƴan siraran sanduna, yawanci guda bakwai, a bayan fuska daga ciki, a baje kamar jijiyoyin kaba. Yakan kuma ɗan tanƙwara fuskar ta yi tudu kaɗan, kamar bayan faifai. Sandunan suna riƙe katako, amma ba su hana shi rawa ba.

Ba Tores ne ya fara wannan dabara ba. Masu haɗa jita na Sebiya da na Kadis sun yi ta tun ƙarni na 18. Abin da ya yi shi ne ya daidaita komi da komi: faɗin ciki, kaurin fuska, jerin sanduna, girman jaki, tsawon tsirkiya. Kowane ɗaya ya dace da ɗan'uwansa.

Katako da tsirkiya

Kowane sashe na jita da irin iccen da yake so. Fuska ana yin ta da wani farin icce marar nauyi, mai miƙaƙƙun jijiyoyi, wanda ke fitowa a duwatsu masu sanyi na Turai. Baya da gefe kuwa Tores yakan yi su da itatuwan Turai, ko da wani icce mai duhu da nauyi da ake kawowa daga Barazil. Allon da yatsu ke dannawa a kan wuya yana son icce mai tauri ƙwarai, don kada ya cinye. Akan yi shi da baƙin iccen nan da ke dangi ɗaya da kanyarmu.

Katako mai kyau yana da tsada, Tores kuwa ba mai kuɗi ba ne. Wani lokaci yakan farke tsofaffin kayan ɗaki ya ɗebi katakonsu, don tsohon katako ya riga ya bushe. Akwai jitocinsa da aka haɗa fuskarsu da guntaye uku ko huɗu, wasu har da gaɓa a jiki. Duk da haka muryarsu ta fi ta waɗansu da aka yi da katako mai tsada.

Ba ya sa ƙusa wajen haɗa jita. Da gam yake mannawa, irin wanda ake dafawa daga fatar dabba. Tsirkiyoyi uku masu siririn amo na hanjin tumaki ne. Sauran ukun masu kaurin amo na siliki ne da aka naɗe da siririyar waya. Tsirkiyar nailan da ake sawa yanzu ba ta fito ba sai cikin shekarun 1940.

Katako kamar fata yake, yana jin yanayi. Kun ga yadda fatar kalangu ko ta gurmi take saki da damina, ta ɗaure da hunturu. Katako ma yana kumbura in akwai laima, ya tsuke in iska ta bushe. Lokacin da nake makarantar horon malamai, wani abokin karatuna yana da tsohuwar jita. Ya rataye ta kusa da taga da hunturu. Wata safiya muka tarar fuskarta ta tsage tun daga jaki har ƙasa. Shi ya sa mai haɗa jita yake barin katako ya yi shekaru yana bushewa kafin ya taɓa shi.

Zakanya da jitar kwali

A shekara ta 1856 Tores ya haɗa wata jita da aka yi wa laƙabi da La Leyona, wato Zakanya, saboda ƙarfin muryarta. Ba ta da ado mai yawa. Amonta ne ya sa aka san ta. A 1858 aka yi babban bajekoli a Sebiya. Ya kai wata jita da ya ƙawata da zane na ƙananan guntayen katako masu launi, aka ba shi lambar yabo ta tagulla.

Mutane da yawa suna tsammani daɗin jita yana wajen katakon nan mai tsada na baya da gefe, don shi ido ke gani. Tores bai yi gardama da baki ba. A shekara ta 1862 ya haɗa wata jita. Fuskarta ta katako ce mai kyau, ya yi mata aiki kamar yadda ya saba. Amma bayanta da gefenta ya yi su da kwali, wato takarda da aka matse ta yi tauri. Aka ɗaura tsirkiya, aka kaɗa. Sai ga murya mai daɗi ta fito. Wannan jita tana nan ajiye a gidan adana kayan kiɗa na birnin Barsalona.

Ku lura da wannan, yara. Tores bai yi dogon karatu ba, amma ya bi hanyar masu bincike. Yana da zato, ya canza abu guda, ya bar sauran yadda suke, ya saurari sakamako. Mai haɗa gurmi da ke gwada fatar akuya yau, gobe ya gwada wata, shi ma hanyar nan yake bi.

Baƙon da ya zo daga nesa

A 1868 Tores ya sake aure, ya auri wata mata mai suna Hosefa Martin. Ba a daɗe ba sai wani saurayi ɗan shekara kamar 17 ya zo shagonsa. Sunansa Faransisko Tarega. Ya ji amon jitar Arkas, ya yi doguwar tafiya don ya sami irinta. Tores ya dube shi, ya ga yaro ne, ya miƙa masa wata jita matsakaiciya. Yaron ya zauna ya fara kaɗawa. Da Tores ya ji hannunsa, sai ya shiga ciki ya ɗauko wata da ya haɗa a 1864, wadda ya ajiye don kansa, ya ba shi.

Tarega ya yi shekaru da yawa yana kaɗa wannan jita. Ya zama babban malamin jita na zamaninsa, ya tsara kiɗe-kiɗe masu yawa kafin ya rasu a 1909. Wataƙila kun taɓa jin hannunsa ba ku sani ba. Ɗan kiɗan nan da wayar Nokia take yi in an kira ta, daga wani kiɗa da Tarega ya tsara aka ciro shi.

Kantin tangaran

Suna ya yi, amma suna ba ya cika tukunya. Aikin jita yana cin lokaci, masu saye kuma yawancinsu talakawa ne. Wajen shekara ta 1870 Tores ya rufe shagonsa na Sebiya. Ya koma Almeriya, shi da matarsa suka buɗe kantin sayar da tangaran da kofunan gilashi. Mutumin da ya fi kowa iya haɗa jita a duniya ya zauna yana sayar da faranti.

Amma mai sana'a ba ya iya raba hannunsa da ita. A 1875 ya sake ɗaukar kayan aiki. In ciniki ya lafa a kanti, sai ya koma ga katako. A takardar da yake mannawa cikin kowace jita, ya riƙa rubuta cewa wannan zamaninsa na biyu ne, ya kuma riƙa sa lamba. Jitocin wannan zamani na biyu sun haura 150.

A 1883 Hosefa ta rasu, ta bar shi da yara. Ga tsufa, ga iyali. Ya duƙufa ga aiki, yana haɗa kamar jita 12 a shekara. Da ƙarfinsa ya ragu, hannunsa ya fara rawa, sai wani abokinsa limamin Kirista, Huwan Martines Sirben, ya riƙa zuwa yana taimaka masa wajen ayyuka masu wuya.

Wannan abokin ne ya ba da labarin wata rana da aka taru cin abinci. Aka roƙi Tores ya faɗi asirin aikinsa kafin ya mutu, don kada ya tafi da shi kabari. Tsohon ya yi murmushi, ya ɗaga babban yatsansa da manuninsa. Ya bayyana musu cewa asirin yana tsakanin yatsun nan biyu. In ya kama fuskar jita ya ɗan lanƙwasa ta, yatsun ne ke gaya masa ko ta kai, ko a ƙara kankarewa. Wannan kuwa ba abin da za a rubuta a takarda a bar wa wani ba ne.

Ba rowa ya yi ba. Ko icce biyu iri ɗaya ne, ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Awon da ya dace da wannan katako ba zai dace da wancan ba. Ku tambayi uwarku mudu nawa na ruwa take zuba wa tuwo. Za ta ce muku sai ta ga garin. Ku tambayi maƙeri yaushe ƙarfe yake nuna. Idonsa ne ya sani. Irin wannan ilimi sai an zauna kusa da mai shi, an yi ta yi, an ɓata, an gyara.

Antoniyo Tores ya rasu a ƙauyensu La Kanyada ranar 19 ga watan Nuwamba 1892, yana da shekara 75. Shekara 7 ke nan kafin sojojin Faransa su iso ƙasar Tasawa a 1899. Bai bar dukiya ba.

Abin da ya bari

Bayan mutuwarsa masu haɗa jita suka riƙa neman aikinsa, suna aunawa, suna leƙa ciki. A Madrid, Manuwel Ramires ya bi tsarinsa. A Jamus, Herman Hawza ya yi haka. Babban makaɗin nan Andires Segobiya, wanda ya rasu a 1987, ya zaga duniya da jitocin waɗannan mutane biyu. Ya kaɗa su a manyan zauruka, na bayan taro suna ji. Abin da aka raina a da ya shiga sahun manyan kayan kiɗa. Har waɗansu maƙaryata suka riƙa manna sunan Tores cikin jitocin da ba nasa ba, don su sayar da tsada. A shekara ta 2013 birnin Almeriya ya buɗe gidan tarihin jita da sunansa.

Yau masana'antu suna fitar da jita dubu-dubu. Mafi yawan masu tsirkiyar nailan, in kun dubi siffarsu, ta Tores ce. Amma inji yana yanke kowace fuska da awo ɗaya, ba ya taɓa katako ya ji. Shi ya sa manyan makaɗa har yanzu suke neman wadda aka haɗa da hannu, ko da za su yi dogon jira.

Jita ta iso ƙasarmu, samarin Agadas da na Yamai da na Maraɗi suna kaɗa ta. Gurmi da garaya da goge kuma suna nan. Masu haɗa su ba su da suna a littafi, amma abin da ke yatsunsu irin na Tores ne. In tsoho ɗaya ya mutu ba wanda ya zauna kusa da shi, abin da ya sani ya tafi. Saboda haka in kun ga mai haɗa gurmi yana aiki a garinku, ku gaishe shi, ku nemi izini, ku zauna ku duba hannunsa.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka haifi Tores, kuma a wace ƙasa?
2. Me ya sa tsirkiya ita kaɗai ba ta da amo mai ƙarfi?
3. Wane sashe na jita ne yake yin aikin fatar gurmi?
4. Ina amfanin sandunan da Tores yake mannawa a bayan fuska?
5. Me yake so ya nuna da ya haɗa jitar kwali?
6. Me ya sa ya ce ba zai iya rubuta asirinsa ba?

Aiki

Ku samo gwangwani biyu iri ɗaya. Ku rufe bakin ɗaya da siririyar takarda mai ƙwari, ɗayan kuma da kwali mai kauri. Ku ɗora guntun kara bisa kowane, ku ja roba ta bi ta kansa. Ku kaɗa, ku saurara. Wanne ya fi amo? Ku rubuta abin da kuka ji da Hausa cikin layi biyar.

Ku tambayi iyayenku sunayen kayan kiɗa masu tsirkiya da ake kaɗawa a garinku, da irin fata da iccen da ake haɗa kowane da su. Ku kawo amsa aji ranar Litinin.